Babi na Huɗu: Me Ya Sa Hoton Fure Ba Ya Fitowa Yadda Ido Ya Gani?

Duk wanda ya taɓa tsugunawa gaban ƙaramin fure da waya a hannu ya san wannan takaicin. Ido ya ga fure tar, da launinsa da zanen da ke cikinsa, har da ɗan ƙwaron da ya sauka a kai. A danna, a duba, sai ga ciyawar da ke can baya ta fito ras, shi kuwa furen ya zama dunƙulen launi dishi-dishi. A sake matsowa, abin ya ƙara lalacewa. Daga nan sai mutum ya yanke hukunci cewa wayarsa ce ba ta da kirki, ya fara tambayar kuɗin wata.

To, laifin waya ne? Mafi yawan lokaci a'a. Matsowa kusa da abu ita ce ke canza dokokin ɗaukar hoto, kuma tana canza su ga mai ƙaramar waya da mai kyamarar miliyoyi baki ɗaya. Kowa ya ci zomo ya ci gudu: wanda ke son ganin cikin fure sai ya biya ta hanya uku, wato fokas, da motsi, da haske. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, amma bari mu fara zuwa wurin da dubban masu sha'awar hoto ke koyon wannan darasi a kowace shekara.

Inda busasshiyar ƙasa ke yin fure

Namaqualand yanki ne a arewa maso yammacin Afirka ta Kudu, daga gaɓar tekun Atlantika har zuwa kogin Orange da ya raba ƙasar da Namibiya. Galibin shekara wurin fako ne da duwatsu. Ɗan ruwan da yake samu yana sauka ne a lokacin sanyinsu, wajajen Mayu zuwa Yuli, domin suna kudu da tsakiyar duniya, hunturunsu yana faɗawa ne lokacin da mu muke cikin damina. Irin da ya kwanta cikin ƙasa yakan tsiro da wannan ruwa, da zarar gari ya fara ɗumi a Agusta da Satumba sai filayen su rufe da furanni ruwan goro da ruwan ɗorawa da farare, iyakar ganin mutum. Shekarar da ruwa ya yi kyau abin ya ƙayatar, shekarar da ya yi ƙaranci a ga tsilli-tsilli.

A waɗannan watanni mutane kan kama titin N7 daga Cape Town, tafiyar fiye da kilomita 500 zuwa garin Springbok. Wasu su tsaya a Skilpad, cikin gandun Namaqua kusa da Kamieskroon, wasu su wuce gandun Goegap da ke gefen Springbok. Yawancinsu ba sana'ar hoto suke yi ba, sha'awa ce ta kawo su. Hoton farko da kowa ke ɗauka shi ne na faffaɗan fili, kuma na wannan da na wancan kusan duk ɗaya ne.

Abin da ke bambanta hotuna yana ƙasa, daidai idon sawu. Akwai wani ƙaramin fure a yankin da masana ke kira Gorteria diffusa. Daga tsaye, ɗigo-ɗigon baƙi kawai za ka gani a kansa. In ka durƙusa sai ka ga ɗigon ya ɗan taso, yana da gashi-gashi da wani wuri mai sheƙi, sak ƙudan da ya sauka. A wasu nau'o'in furen kamannin ya kai har mazan wani ƙuda mai suna Megapalpus capensis kan sauka a kai suna zaton tamata ce, su tashi da garin furen a jikinsu su kai wa wani. Irin wannan ne ladan matsowa, kuma ba sai an je Namaqualand ake samunsa ba. Tsidau da ke bakin hanya da tafasa da duman rafi suna da nasu abin kallon in damina ta kankama, dokokin ɗaukarsu kuwa duk ɗaya ne.

Kowace kyamara tana da iyakarta

Kafin komai, san inda na'urarka ta tsaya. Kowane gilashin kyamara yana da tazarar da in aka gota ta ba zai iya saita abu ya fito tar ba. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana buƙatar kamar santimita 10 zuwa 15 tsakaninta da abin da ake ɗauka. In ka kai ta santimita 5 daga fure, ba ta da yadda za ta yi, sai ta kama abin da ke bayansa. Amsar tambayar da muka fara da ita ke nan.

Gwada a gida. Ajiye jarida a tebur, ka riƙa matso da waya a hankali har rubutun ya fara dusashewa, sannan ka ja baya kaɗan har ya dawo tar. Auna wannan tazarar da yatsunka, ka riƙe ta a ka. A fili, ka tsaya a wannan tazarar, in furen ya yi ƙanƙanta a hoton ka jawo shi da zum ninki biyu, ko ka yanke gefunan hoton daga baya. Ƙaramin fure da ya fito tar ya fi babba da ya yi hazo.

Wasu wayoyin suna da tsarin makiro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa daga dab da su. Misali iPhone 13 Pro da ta fito a 2021 tana iya kama abu daga santimita 2, wayoyin Android da dama ma suna da irinsa. Sai dai a wannan kusanci wayar kanta kan tare wa furen haske. Akwai kuma ɗan gilashin da ake maƙalawa a bayan waya, mai araha, yana aiki in an iya riƙe hannu.

Ga mai babbar kyamara, gilashin makiro na milimita 90 zuwa 105 shi aka fi amfani da shi, saboda yana ba ka damar tsayawa ɗan nesa, ba ka kori ƙwari ba, ba ka kuma tare rana ba. Za ka ga an rubuta 1:1 a jikinsa. Ma'anarsa, furen da faɗinsa santimita 2 ne zai sauka a kan sensar kyamara, wato ɗan allon da ke karɓar hoto a cikinta, da faɗin santimita 2 cif. Tun da babbar sensa milimita 36 ce a tsawo, 24 a faɗi, wannan ɗan furen ya kusa cika hoton daga sama zuwa ƙasa. Wanda bai da kuɗin wannan gilashi yana iya sayen zobban da ake sawa tsakanin kyamara da gilashinta na yau da kullum, ko gilashin ƙara girma da ake ɗaurawa a gaba.

Biya na farko: fokas ya sirance

In ka ɗauki hoton mutum daga taku biyar, hancinsa da kunnensa da rigarsa duk za su fito tar. Da ka matso, wannan yankin da ke fitowa tar sai ya riƙa sirancewa. A girman 1:1 da babbar sensa, in ƙofar haske tana kan f/8, kaurin yankin bai wuce milimita 1 ba. In ka tsuke ƙofar zuwa f/16 ya zama kamar milimita 2. In ka ja baya har furen ya koma rabin girmansa, a f/8 za ka samu kusan milimita 3. Furen da zurfinsa ya kai santimita guda ba zai taɓa shiga cikin wannan ba.

Saboda haka dole ka zaɓa. Tambayi kanka, me ya tsayar da ni a gaban furen nan? In ɗigon baƙin Gorteria ne, can za ka kai fokas. In ƙudan zuma ne ya sauka, idonsa za ka nema. In babu ko ɗaya, tsakiyar furen inda garinsa yake, ko bakin ganyen furen da ya fi kusa da kai, su ne ido ke fara nema. A waya, taɓa daidai wurin a fuskarta, ka danne na ɗan lokaci har fokas ya kulle. Daga nan kada ka sake taɓawa. Jikinka za ka riƙa kaiwa gaba da baya kaɗan-kaɗan har wurin ya fito, sannan ka danna.

Akwai dabara ta biyu ga furanni masu shimfiɗaɗɗiyar fuska irin na Namaqualand. Ka sa bayan wayar ya fuskanci fuskar furen kai tsaye, kada ya karkata. Ta haka duk fuskar za ta kasance a tazara ɗaya da gilashi, ta shiga cikin siririn yankin nan gaba ɗayanta. Da ka karkata, gefe ɗaya ya fito, ɗayan ya dushe.

Kada ka ce bari in tsuke ƙofar haske har f/22 in huta. In ƙofar ta yi ƙanƙanta ainun hasken da ke ratsa ta yakan baje, hoton duka ya yi laushi. Tsakanin f/8 da f/11 ne yawancin masu wannan aiki ke zama. Wasu kan ɗauki hotuna da yawa, kowanne da fokas a wuri daban, su haɗe su a kwamfuta su zama ɗaya, amma wannan sai furen da ba ya motsi ko kaɗan, abin da ba kasafai ake samu a fili ba.

Sirancewar nan tana da nata alherin. Ita ce ke narkar da abin da ke bayan fure ya zama launi mai laushi. Don ka ci moriyarta, sauka ƙasa har kyamara ta yi daidai da tsayin furen, ka zagaya shi har ka sami kusurwar da abin da ke baya yake nesa. In ka ɗauka daga tsaye, ƙasa da tsakuwa da ke dab da furen su za su cika hoton. Kafin ka danna, bi gefunan hoton huɗu da ido. Busasshen kara guda mai haske ya isa ya janye ido daga furen.

Biya na biyu: ƙaramin motsi ya zama babba

Hannun mutum kullum yana ɗan rawa, amma ba ya sani sai ya zo zura zare a kafar allura. Haka abin yake a nan: gilashin da ya ƙara girman fure ya ƙara girman rawar hannu, da numfashi, da kaɗawar iska. Motsin milimita 1 ya isa ya fitar da fure daga fokas ɗungurum.

Maganin rawar hannu shi ne jingina. Kafa gwiwar hannu a ƙasa ko a kan gwiwar ƙafa, ka riƙe waya da hannu biyu. Safa da aka cika da wake ko shinkafa aka ɗaure bakinta tana zama matashin kyamara mai kyau, ta ma fi ƙafar kyamara sauƙin aiki ga furen da ke manne da ƙasa. In ka ajiye na'urar a kanta, sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa 2 ko 3, don kada dannawar yatsa ta girgiza ta.

Iska kuwa ba ta jin lallashi. Namaqualand wuri ne mai iska, furanninsa kuma a kan siraran kara suke. Abu uku ake yi. Na ɗaya, ka zauna ta inda iskar ke fitowa, jikinka ko jakarka ta tare ta. Na biyu, ka jira. Iska tana zuwa ne tana lafawa, in ka zuba wa furen ido za ka ga yakan tsaya cik na daƙiƙa ɗaya ko biyu, wannan ce damarka. Na uku, ka sa kyamara ta ƙyafta da sauri, 1/250 na daƙiƙa ko 1/500, ka kuma ɗauki hotuna biyar ko goma a jere. Galibi ɗaya daga ciki zai dace.

Saurin ƙyaftawa yana cin haske, ga shi kuma a girman 1:1 hasken da ke isa sensa yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Don haka kada ka ji tsoron ɗaga lambar ISO zuwa 800 ko 1600. Hoton da ya yi ɗan tsaki-tsaki ana iya gyara shi, wanda ya girgiza kuwa sai sharewa.

Biya na uku: haske, da agogon fure

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a ɗauki fure da sassafe, ko da yamma, ko ranar da gajimare ya rufe rana. Dalili kuwa, ranar tsaka tana yin baƙar inuwa a gefe ɗaya, ta ƙone launi a ɗaya gefen. A wurare da yawa shawarar daidai ce. A dazuzzukan Ingila, shuɗin furen da suke kira bluebell yana fitowa a Afrilu da Mayu, kafin itatuwa su gama rufewa da ganye. Ranar lumshi ce ke fitar da shuɗinsa na gaskiya. In rana ta buge shi kai tsaye, sai ya karkata zuwa ruwan hoda a hoto.

A Namaqualand wannan shawarar za ta sa ka koma gida hannu rabbana. Yawancin furannin can a rufe suke kwana, ba sa buɗewa sai rana ta ɗaga gari ya yi ɗumi, wajen ƙarfe 11 na safe, su sake rufewa wajen 3 ko 4 na yamma. Ranar sanyi ko gajimare ba sa buɗewa sam. Suna kuma juya fuska ga rana, wadda a can take bi ta arewa, shi ya sa ake ce wa baƙi su sa rana a bayansu in suna son ganin fuskokin furannin. Ke nan dole a yi aiki a cikin hasken da aka ce a guje wa.

Dabarar ita ce ka yi wa furen naka gajimaren. Farar lema, ko farin yadi marar kauri da wani zai riƙe tsakanin rana da fure, yana tace hasken ya sauka a hankali, inuwa ta yi laushi, zanen ganyen furen ya bayyana. Farar takarda da aka jingina a gefen da ke da duhu tana maido da haske cikin furen. Launin ja da ruwan goro da ruwan ɗorawa suna saurin ƙonewa a sensa, don haka rage hasken hoton kaɗan kafin ka danna. A yawancin wayoyi, bayan ka taɓa fuskar wayar wata alamar rana kan fito, sai ka ja ta ƙasa. Fitilar waya kuwa kashe ta, a wannan kusanci farin tabo kawai take yi. In kana son wani abu daban, zagaya ka sa furen tsakaninka da rana, haske ya ratso ta cikin ganyensa, jijiyoyinsa su fito.

Darasin da ya fi girma shi ne kowane fure yana da lokacinsa, kuma kai ne za ka bi shi. Farin bado na tafkunanmu da dare yake buɗewa, ya rufe kafin rana ta take. Duman rafi na safiya ne. Furen kuɓewa kwana ɗaya yake yi. Na kuka da magariba yake buɗewa, don jemagu ne ke ziyartarsa. Wanda ya san wannan ya riga ya yi rabin aikin tun bai fito da waya daga aljihu ba.

Kada kallo ya zama ɓarna

Karl Blossfeldt, malamin zane a birnin Berlin na Jamus, bai yi karatun ɗaukar hoto ba. Da kyamarar da ya haɗa da hannunsa ya riƙa ƙara girman sassan tsirrai har ninki 30, littafin hotunansa da ya fito a 1928 kuma har yau ana koyi da shi. Ya isa shaida cewa ido da haƙuri sun fi tsadar kaya. Sai dai shi yakan yanko tsiron ne ya kai ɗaki ya ɗauka. Mai ɗaukar furen daji a yau ba ya bin sa a nan, domin masu kyamara sun yi yawa.

A watan Maris na 2019 furanni ruwan goro suka rufe tuddan Walker Canyon, kusa da garin Lake Elsinore a jihar Kalifoniya ta Amurka. Hotuna suka bazu a intanet, dubun-dubatar mutane suka yi dafifi, wasu suna barin hanya suna kwanciya cikin furannin don a ɗauke su. Sai da hukuma ta rufe wurin na ɗan lokaci, a 2023 kuma ta rufe shi tun kafin jama'a su taru. A Birtaniya dokar kare namun daji da tsirrai ta 1981 ta hana tone bluebell daga daji, tattaka shi ma illa ce babba, don ganyen da aka murƙushe ba ya iya ciyar da albasar da ke ƙasa, wurin kan ɗauki shekaru bai farfaɗo ba. Yawancin furannin da ke rufe filayen Namaqualand kuwa shekara ɗaya suke rayuwa, wanda aka tsinke ko aka take kafin ya zubar da iri ya rage wa baɗi.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Zaɓi furen da ke bakin hanya, kada ka kutsa tsakiya. Duba inda za ka sa gwiwa da jaka. In ciyawa ta tare ka, kautar da ita da hannu, in ka gama ka sake ta. A gida, in gonar wani ce nemi izininsa. Ka kuma kula da kanka: duba ƙasa saboda maciji da kunama kafin ka durƙusa, in ka taɓa tumfafiya kada ka kai hannu ido, farin ruwanta yana yi wa ido lahani.

Gwajin wannan mako

Nemi fure guda kusa da gida, kowane iri ne. Fara gano lokacin da yake buɗewa. Ba shi rabin awa shi kaɗai. Tsaya a tazarar da ka auna da jarida, ka sauka daidai tsayinsa, ka zaɓi wurin da fokas zai zauna. Ɗauke shi a rana, ka sake ɗauka da farin yadi a sama, ka sake da rana a bayansa. In ka koma gida, buɗe hotunan ka ƙara girmansu, ka tambayi kowanne da ya lalace: kusanci ne ya yi yawa, fokas ne ya kauce, motsi ne, ko haske? Duk hoton da ya ɓaci yana da ɗaya daga cikin waɗannan dalilai, kuma yanzu ka san maganin kowanne.

Da ka fara samun hotuna masu kyau, wata tambaya za ta taso daga duk wanda ka nuna wa: wane fure ne wannan? Hoton fuskar fure kaɗai ba ya isa a gane shi, sai an ga ganye da kara da 'ya'ya da irin wurin da ya tsiro. A babi na biyar za mu ga hotunan da ya kamata ka ɗauka kafin ka bar wurin, da yadda ake bi a gano sunan tsiro, a wurin manoma da makiyaya da kuma a wurin masana.